Kujerar Wanda Yake Kan Gaba

A gidanmu na unguwar New Bell, a Duwala, babu wanda ya taɓa taka dusar ƙanƙara, amma an daɗe babu abin da ake musu a kansa a falon kakana kamar ita. Mai haɗa wa unguwa wayar tele, wato talabijin, ne ya jawo mana. Wata rana ya hau rufin maƙwabta ya taɓa abin da ya taɓa, tashar ƙwallo ta ɓace, wata ta zauna a wurinta. Da aka kunna sai ga dutse fari fat, ga wani mutum ya ɗaura dogayen alluna biyu a ƙafa yana sulalowa, yana ratsa sanduna ja da shuɗi, hagu, dama, hagu, yana kaɗe su da gwiwa da hannu. Masu sharhi da Faransanci suna kiran abin silalom. Kaka ya ce zamiya, kuma sunan da ya zauna a bakin kowa ke nan.

Lokacin zafi ne, irin wanda fanka ba ta yin komai sai juya iska mai ɗumi. Baba mai goro, abokin Kaka tun suna yara, ya ƙura wa allon ido ya ce kada a kira mai waya ya gyara, shi dai ya ji ɗakin ya yi sanyi. Daga nan abin ya kama su. Duk Lahadin da ake wasan, da hantsi za su taru su kalli saukowa ta farko, su ci abinci, su jira ta biyu.

Su uku ne. Kaka, wanda ya ƙare ƙarfinsa yana sayar da atamfa a kasuwar Mboppi. Baba mai goro. Sai Baba direba, Bafillacen da ya tsufa a kan babbar mota tsakanin Duwala da arewa, Hausarsa da ɗan lanƙwasa. Kowa ya zaɓi gwaninsa. Sunayen Turawan sun ƙi zama a bakinsu, sai suka raɗa musu nasu. Na Kaka shi ne Dogo, wani siriri mai natsuwa. Na Baba mai goro Guntu, gajere mai kauri da ke saukowa kamar an gangaro da turmi. Na Baba direba kuwa wani Bafaranshe ne mai saurin tashi da saurin faɗuwa, suka sa masa Gaggawa.

Ni ce idonsu. Lambobin da ke fitowa a gefen allo ƙanana ne, tsofaffin ba sa ganinsu. Idan mai saukowa ya ƙetare layin ƙarshe, lokacinsa yakan fito da kore in ya wuce wanda ke kan gaba, da ja in bai kai ba. A makaranta, ko sunana aka kira sai muryata ta maƙale, amma a falon nan kalma ɗaya kawai ake nema a wurina, in ce kore ko in ce ja. Kaka yana kirana Uwata, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, kuma abin da na faɗa ba a jayayya da shi.

Sun gani a tele cewa wanda ke kan gaba ana zaunar da shi a wata kujera a ƙasan dutsen, yana kallon sauran suna saukowa, har sai wani ya wuce shi ya tashe shi. Mu ma muna da kujera ɗaya mai hannu, ta katako, da matashin da ya lotsa a tsakiya. Sai suka mai da ita haka. Wanda gwaninsa ke kan gaba ya hau kujera, sauran su zauna a tabarma. Da na ce kore ga gwanin wani, na kan kujera ya tashi ya ba shi, ko da shayinsa ne a baki. A saukowa ta biyu kuma juya jerin ake yi, wanda ya fi kowa da safe shi ne zai sauko a ƙarshe, don haka ba a sanin mai kujera sai an gama.

"Dogon nan naka ƙafa ce kawai," in ji Baba mai goro, yana ɓare goro da farce. "In ƙanƙara ta yi tauri sai ya koma raƙumi a kan siminti."

"Raƙumin ne dai ke samanka a jeri. Uwata, gaya masa, wa ke sanye da jar riga bana?"

Jar riga ta wanda ya fi tara maki ce a kakar wasan. Sai in ce a hankali, "Dogo ne, Baba."

Baba mai goro ya dubi Kaka. "Maki ai tarawa ne, Alhaji. Kai ɗan kasuwa ne, tarawa ka sani. Ni ina maganar wanda in ya sauko sai ka ji cikinka ya juya."

Baba direba ya ajiye kofi. "Ku biyu ba ku san kwana ba. Kwana, tun ba ka iso ta ba kake shigarta. Nawa ya san wannan. Haƙuri ne dai bai samu ba, c'est tout, shi ke nan."

"Shi ya sa kullum ake ciro shi daga ragar gefen hanya kamar kifin kasuwar Youpwé," in ji Baba mai goro.

Haka suke yi, ni kuma ina jin daɗin da ban taɓa gaya wa kowa ba. A raina Guntu nake so, amma ban yarda fuskata ta nuna ba.

Lahadin ƙarshe da suka zauna su uku, an yi hazo a kan dutsen, sandunan nesa ba sa ganuwa sosai. Guntu ne ya fi kowa da safe. A saukowa ta biyu Gaggawa ya faɗa raga tun daga sama, Dogo ya sauko tsaf ya karɓi gaba, Kaka ya hau kujera yana gyara babbar rigarsa. Guntu ya zo a ƙarshe, hanya duk ta yi rami saboda waɗanda suka riga shi. A wurin da gangaren ya fi tsanani ya kusa faɗuwa, har hannunsa ya taɓa ƙasa, ya miƙe ya ci gaba. Ya wuce Dogo da abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Na ce kore. Kaka ya tashi yana gunaguni, ya kaɗe matashin da hularsa, Baba mai goro ya zauna ya miƙe ƙafafu yana dariya har haƙoransa jajaye suka fito.

Kafin wata Lahadin ta zagayo, an binne Baba mai goro. Zazzaɓi ne, bai daɗe ba.

Dama Kaka ya fara mantuwa tun kafin nan, yana neman carbi alhali yana hannunsa. Bayan rasuwar sai abin ya ƙaru. Ya je jana'izar, ya zauna zaman makoki, amma bayan ɗan lokaci labarin ya zube daga kansa. Wata rana wata maƙwabciya ta zo gaishe shi, ta ce Allah ya jiƙan abokinka. Kaka ya dube ta ya ce wane abokin. Da ta faɗa, sai ya yi kuka irin na wanda ya ji yanzu. Ya fita ba takalmi yana neman rumfar goro, wani mai bensikin, wato ɗan acaɓa, da ya san mu ya dawo da shi daga bakin titi. Ya yi kwanaki ba ya cin abinci, Mama tana bin sa da koko a cokali. Sannan ya sake mantawa. Mama ta tara mu ta ce daga yau babu mai ƙara gaya masa, jikinsa ba zai ɗauki wani sabon makokin ba. In ya tambaya, a ce bai zo ba yau. Ta lulluɓe telen da zane, dama kakar wasan ta ƙare.

Abin da nake son in ba da labari ya faru ne a dogon hutu, tsakiyar damina, lokacin da ruwa ke kwana yana wuni, lambatu ya cika ya shigo lungu, kaya su ƙi bushewa. Wata Lahadi da rana Baba direba ya shigo gaishe da Kaka, ruwa ya tare shi. Mama tana can baya a madafa tana suya. Gari ya yi duhu kamar magariba ta yi, alhali ko la'asar ba a kira ba. Na kawo musu shayi. Sai Kaka ya nuna zanen da haɓarsa.

"Uwata, yau ba Lahadi ba ce? Kunna mana zamiya."

Na san ba lokacinta ba ne, can ƙasarsu ma zafi ake yi. Na yi tunanin in na kunna za a ga tseren keke ko wani abin, ya gaji ya bari. Na janye zanen na kunna.

Sai ga farin dutse. Da hazo.

Kaka ya tafa hannu, ya sauko tabarma da kansa, ya zauna a inda ya saba. Ya bar wurin da ke jikin bango, inda Baba mai goro ke jingina. Akwai ɗan tabo a bangon daidai tsayin kansa, Mama ta goge ya ƙi fita. Baba direba ya yi murmushi ya ce ashe suna yi har da damina, ya matso shi ma.

Ni ce na fara ganewa. An nuno 'yan kallo, sai ga wani yaro a wuyan babansa da hula mai kunnuwa biyu, kunne ɗaya ya karye. Na san yaron nan. Sai wani ma'aikaci mai riga ruwan ɗorawa ya fito gyara sanda, na ce a raina yanzu zai zame, ya zame, ya tashi yana kaɗe gwiwa. Na dubi kusurwar allon, ga 'yar ƙaramar kalmar da ke nuna maimaici ne. Tsohon wasa suke sake nunawa don cike lokaci. Kuma ba kowane ba, na Lahadin nan ne, saukowa ta biyu, an riga an yi nisa.

Na san yadda zai ƙare. Guntu zai ci, Kaka zai tashi daga kujera, ya juyo ya nemi wanda zai ba ta. Kuma a wannan karon "bai zo ba yau" ba za ta wadatar ba, don Baba mai goro bai taɓa fashin ranar da Guntu ke saukowa a ƙarshe ba. Kaka zai tambaya, ya sake tambaya, har wani ya kasa riƙe fuskarsa.

"Kaka, ana tsawa fa. In kashe?"

"Ba a tashi a tsakiyar saukowa. Zauna."

Na zauna ina roƙon Allah a ɗauke wuta. A unguwarmu ko iska ce ta kaɗa sai an ɗauke, amma ran nan ko ƙyaftawa ƙwan lantarki bai yi ba. Ruwan ya ƙara ƙarfi a kan kwano har muryar masu sharhi ta ɓace gaba ɗaya. Mutane suna sulalowa cikin hazo ba ƙara, ba ihu, kamar a cikin ruwa ake kallonsu. Ni kuma ina ta faɗa, ja, ja, kore, ja, kuma kowace kalma na san na taɓa faɗinta a daidai wurin.

Aka nuno Dogo a sama yana jiran layinsa, yana girgiza ƙafafu. Kaka ya juya wajen bango ya yi shiru, kansa a karkace, kamar mai sauraro. A wancan karon a nan ne Baba mai goro ya ce dubi yadda yake rawar sanyi tun ba a fara ba. Shirun Kaka ya yi daidai tsawon maganar, bai ƙaru ba, bai ragu ba. Sannan ya ce, "Ba rawar sanyi ba ce, ɗumama jini yake. Kai me ka sani ban da goro?"

Abin da ya faɗa ke nan a wancan karon ma. Har da yadda ya ɗaga yatsa.

Baba direba bai lura ba tukuna, yana jiran Gaggawa. Gaggawa ya fito da gudu, ya ratsa sanduna kaɗan, ƙafarsa ta hau ɗaya, ya yi sama ya faɗa raga. Baba direba ya buga cinya ya ce, "Kai, wannan yaro, birki fa!" Sai ya tsaya da bakinsa a buɗe. Na ga lokacin da ya ji maganar tasa ta dawo masa. Ya dubi allon, ya dubi wurin da ke jikin bango, ya dube ni. Na gyaɗa masa kai kaɗan.

Kaka ya fashe da dariya, ya nuna bangon da babban yatsa. "Ka ji shi ko? Wai a kai shi Youpwé a auna."

Babu wanda ya ce haka a ɗakin. Baba direba ya ajiye kofinsa a hankali, leɓɓansa suna motsi.

Dogo ya sauko tsaf. Na ce kore. Kaka ya dafa kafaɗata ya miƙe, ya hau kujera, ya gyara rigarsa, fuskarsa fes kamar ba shi ne ke manta sunan jikokinsa ba. Rabon da in gan shi haka tun kafin rasuwar. Yana ta lissafa wa bango dalilan da suka sa Dogo ya fi, wai bai taɓa fita daga manyan jeri ba, wai shi ba ya cin wasa yau gobe ya ɓace. Yana tsayawa, ya saurara, ya ba da amsa.

Baba direba ya matso kusa da kunnena. "Ma fille, 'yata, na ƙarshen nan shi ya ci, ko?"

"Shi ne, Baba."

"Alhaji ba ya ganin lamba. Ruwa ya rufe magana. In ya sauko, ki ce ja."

Ban taɓa canza launi ba, ko da wasa. Amma na tuna Kaka a bakin titi ba takalmi, na tuna cokalin koko yana komawa kofi a cike. In na ce ja, zai ci gaba da zama a kujerarsa, ya yi ta alfahari, a kashe tele, a tashi. Na ce to.

Waɗanda suka rage suka sauko ɗaya bayan ɗaya, duk ja. Sai Guntu. Ya fito daga hazo kamar an turo shi, yana dukan sanduna, ƙanƙara tana tashi a bayansa. A wurin tsananin gangaren ya karkace, hannunsa ya taɓa ƙasa. Duk da na san zai miƙe, sai da numfashina ya tsaya. Ya miƙe. Ya ƙetare layi. Lambar ta fito kore shar.

"Uwata?"

Na kalli tabarma. "Ja ne, Kaka."

Ruwa yana ta zuba. A allon Guntu ya durƙusa ya rufe fuska da hannu, wanda bai sani ba zai iya cewa baƙin ciki ne. Kaka bai yi murna ba. Ya karkata kansa wajen bango ya daɗe a haka. Sannan ya juyo gare ni, ba faɗa a muryarsa.

"Ya ce ki sake dubawa."

Na dubi Baba direba, ya sunkuyar da kai, ba taimako a wurinsa. Na dubi wurin da ke jikin bango. Tabarma ce kawai, da ɗan lotsawar da ta daɗe a wurin.

"Kore ne," na ce. Muryata ta fito ƙarama.

Kaka ya yi gunaguni, ya dafa hannun kujera ya tashi. Ya cire hularsa ya kaɗe matashin. Na tsaya ina jiran tambayar. Bai yi ta ba. Ya matsa gefe kamar mai ba wani hanya, ya jira, sannan ya sauko tabarma da kyar ya zauna kusa da ni, yana fuskantar kujerar.

"Sa'a ce kawai," ya ce mata. "Hannunsa fa ya taɓa ƙasa, kowa ya gani. Jar rigar dai tana wurinmu."

Har nan na san maganar, ita ce ta wancan karon. Amma ya yi shiru ya saurara, sai ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba.

"A'a, nan ba sanyi. Ruwa dai ake yi tun safe." Ya ɗan dakata. "Can fa?"

Ya daɗe yana sauraro, yana gyaɗa kai a hankali. Fuskarsa ba kuka, ba tsoro, irin ta mai jin labarin garin da bai taɓa zuwa ba. Daga ƙarshe ya ce, "To, madalla. Madalla."

Aka kira la'asar daga masallacin bayanmu, muryar ladan tana zuwa tana ɓacewa cikin ruwa. Baba direba ya miƙe da sauri ya ce zai je ya samu jam'i, ko da zai jiƙe. Na raka shi bakin ƙofa da laima. Yana saka takalmi ya tambaye ni ƙasa ƙasa ko na ji wani abu. Na ce ban ji komai ba sai ruwa. Ya ce shi ma haka. Ya leƙa falon ya ce, "Alhaji, sai an jima." Sannan na ga kansa ya juya wajen kujerar ya ɗan rusuna, kafin ya kama kansa ya fita cikin ruwan bai ko karɓi laimar ba.

Na koma na kashe telen. Na ɗauko zanen zan lulluɓe, Kaka ya ce in bari, mako mai zuwa ma akwai. Mama ta shigo da tire, tana share gumi, ta ga Kaka a tabarma ta ce ya koma kan kujera mana, ƙasa da sanyi. Ya ce ba tasa ba ce yau. Ta dube ni tana neman bayani, na juya ina ninke zanen. Ta ajiye tiren a gabansa tana shirin lallashi kamar kullum. Kaka ya wanke hannu da kansa, ya jawo kwanon, ya ci har ya suɗe yatsu, ya tambaya ko akwai sauran miya.